Naɗaɗɗen darasi ko zaman bita: wanne ya fi amfani wajen ƙaro ilimin ma'aikatan lafiya?

Idan lokacin sabunta lasisi ya gabato, likita ko nas ko ungozoma ko mai haɗa magunguna yakan tsinci kansa gaban hanyoyi biyu. Ko dai ya nemi izinin kwana biyu ko uku ya tafi bita, ko kuwa ya buɗe waya ko kwamfuta ya bi darussan da aka riga aka naɗa, ya amsa 'yan tambayoyi a ƙarshe, ya sauke takardar shaida. A wurare da yawa sa'a guda ta wannan da sa'a guda ta wancan makinsu ɗaya ne. A wasu wuraren kuma hukumar da ke ba da lasisi takan ƙayyade yawan makin da za a iya samu daga naɗaɗɗen darasi, ko ta ce wasu darussan sai an je da ƙafa. Wannan bambancin dokoki ne ke rikita mutane: idan hanyoyin daidai suke, me ya sa wasu ke sa iyaka? Idan kuma ba daidai suke ba, me ya sa wasu ke ba su maki iri ɗaya?

## Abin da kalmomin ke nufi

Ƙaro ilimi a nan shi ne duk wani karatu ko horo da ma'aikacin lafiya ke yi bayan ya gama makaranta ya fara aiki, domin iliminsa da ƙwarewarsa su ci gaba da tafiya da zamani. Galibi ana auna shi da sa'o'i ko maki, kuma ana ɗaura shi a kan sabunta lasisi.

Ana yawan maganar hanyoyi biyu, amma a zahiri sun kai huɗu. Akwai naɗaɗɗen darasi, wato bidiyo ko sauti ko darasin kwamfuta da mutum zai buɗe lokacin da ya ga dama, ba tare da malami yana jiransa ba. Akwai darasin kai tsaye ta intanet, inda malami da ɗalibai ke haɗuwa a lokaci guda amma kowa yana inda yake. Akwai zaman ido da ido. Sai kuma haɗakar da ake yi tsakaninsu, misali a kalli bayani a gida, sannan a zo a gwada da hannu.

Ko a cikin kowane rukuni ma akwai tazara mai faɗi. Laccar da mutum ɗari biyar ke saurare a babban zaure ido da ido ce, haka ma mutum shida da suka kewaye mutum-mutumin jariri suna koyon hura masa iska. Bidiyon sa'a guda da aka ɗauka daga bayan zauren taro naɗaɗɗe ne, haka ma darasin da aka tsara shi a kan labarin majinyaci, yana tsayawa yana tambayarka matakin da za ka ɗauka, yana nuna maka inda ka kauce. Mai sauraron lacca a zaure ya fi kama da mai kallon bidiyo a ɗakinsa fiye da yadda ya yi kama da waɗancan mutum shida. Yawancin gardamar da ake yi tana rikicewa ne saboda kowane ɓangare yana ɗaukar mafi kyawun nasa ya gwada da mafi munin na ɗaya ɓangaren.

## Yadda abin ya zama wajibi

Wajabta ƙaro ilimi bai daɗe sosai ba. A 1947 ƙungiyar likitocin iyali ta Amurka ta shardanta wa mambobinta sa'o'i 150 na karatu a duk shekara uku. A 1968 babbar ƙungiyar likitocin ƙasar ta fito da tsarin makinta, sannan a 1971 jihar New Mexico ta zama ta farko da ta haɗa shi da sabunta lasisi. A Birtaniya an fara tsarin sake tantance likitoci a 2012, na ma'aikatan jinya da ungozomomi kuma a 2016.

Dalilan da suka sa hukumomi ba su bar abin ga ganin damar kowa ba suna da ƙarfi. Wani nazari da aka buga a 2005, wanda ya tattara bincike kusan sittin, ya gano cewa a fiye da rabinsu ingancin aikin likita yana raguwa ne yayin da shekarunsa na aiki ke ƙaruwa, akasin abin da ake zato. Wani kuma da ya fito a mujallar likitanci ta JAMA a 2006 ya nuna likitoci ba su iya auna ƙwarewar kansu daidai ba, kuma waɗanda suka fi rauni su ne sau da yawa suka fi amincewa da kansu. Shi kansa ilimin yana tsufa da wuri: a 2007 wasu masu bincike sun bi diddigin manyan nazarce-nazarcen likitanci guda ɗari, suka tarar rabinsu sun buƙaci gyara cikin kimanin shekara biyar da rabi.

Naɗaɗɗen darasi ma ba intanet ce ta haife shi ba. Tun shekarun 1950 ake aika wa likitoci laccoci a faifan sauti, daga baya aka koma kaset, sannan faifan CD. Abin da ya canza ma'auni shi ne annobar korona. Daga Maris 2020 tarurruka suka tsaya cak, hukumomi da dama suka sassauta sharaɗin halarta da ƙafa, ma'aikata suka koma kan waya. Dandalin karatu ta intanet na OpenWHO, na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka buɗe a 2017, ya samu rajistar miliyoyi a lokacin. Da annobar ta lafa, sai tambayar ta taso: a koma yadda ake da, ko a ci gaba da sabon salo? Hukumar da kanta ba ta zaɓi ɗaya ba. Makarantarta da aka buɗe a birnin Lyon na Faransa a Disamba 2024 tana da dandalin intanet, tana kuma da ɗakunan gwaji inda ake horo da hannu.

## Abin da bincike ya nuna

A nan ne ya kamata a ɗan daɗe, domin amsar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi ɗari bisa ɗari ba.

A 2008 David Cook da abokan aikinsa sun buga wani babban nazari a JAMA wanda ya haɗa bincike 201 kan koyarwa ta intanet a fannin lafiya. Sakamakon kashi biyu ne. Idan aka gwada karatu ta intanet da rashin karatu gaba ɗaya, amfaninsa babba ne. Idan kuma aka gwada shi da hanyoyin gargajiya, bambancin ƙarami ne, wani lokaci ya karkata nan, wani lokaci can. Shekara goma bayan haka cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa, ta sake duba lamarin, ta taƙaita kan ma'aikatan da suka riga suka sami lasisi. Gwaje-gwaje 16 ne suka cika sharaɗi, da mahalarta sama da 5,600, kuma abin da aka samu shi ne ko dai babu bambanci ko kuma kaɗan ne, a ilimi, a ɗabi'ar aiki, da kuma sakamakon da majinyata ke samu.

Masu goyon bayan naɗaɗɗen darasi sukan tsaya a nan su ce magana ta ƙare. Sai dai "babu bambanci" yana iya nufin duka biyun suna aiki sosai, yana kuma iya nufin duka biyun tasirinsu taƙaitacce ne. Na biyun ya fi kusa da gaskiya. Nazarin Cochrane kan tarurrukan bita, wanda aka sabunta a 2021 da bincike 215, ya nuna cewa a matsakaici bita tana ƙara bin ƙa'idar aiki da kusan kashi 7 cikin ɗari kawai. Ba a raina wannan ba, musamman idan an lissafa yawan majinyatan da ke wucewa ta hannun ma'aikaci guda a shekara, amma ba shi ne juyin juya halin da masu shirya taro ke tallatawa ba. Tun 1999 wani nazari na Dave Davis ya riga ya nuna cewa lacca zalla, inda malami ke magana kowa ya yi tsit, da ƙyar take canza yadda likita ke aiki, yayin da zaman da ake tattauna matsalar majinyaci ko ake gwada abu da hannu yakan canza.

Haka nan nazarin da Alexander Rowe ya jagoranta, wanda ya fito a 2018 kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ya ƙara fito da hoton. Raba takardun bayani kaɗai, ko dogaro da na'ura kaɗai, kusan babu abin da suka canza. Horo kaɗai ya kawo ci gaba na kusan kashi 10 cikin ɗari. Horo da aka haɗa da sa ido da bibiya a wurin aiki ya kai kusan 18.

Idan aka jera waɗannan tare, abin da ke fitowa shi ne cewa layin da ya raba darasi mai tasiri da mara tasiri bai bi ta tsakanin allo da zaure ba. Ya bi ne ta tsakanin darasin da ke sa mutum ya yi wani abu, a gyara masa, a sake dawo masa da shi bayan wani lokaci, da darasin da ke barinsa yana saurare kawai. Ana samun kowane iri a ɓangarorin biyu.

Akwai kuma gargaɗin da ya shafi binciken kansa. Yawancinsa yana auna abu mafi sauƙin aunawa, wato jarrabawar da aka yi da zarar an gama darasi. A 1990 George Miller ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, sannan yana yi a bakin aiki. Tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu suna taɓa hawa biyu na ƙasa ne kawai. Saboda haka idan aka ce hanyoyin biyu sun yi kunnen doki, sau da yawa a waɗannan hawa biyun aka yi tseren.

## Inda hannu ke aiki

Akwai ilimin da kai ke riƙewa, akwai wanda hannu ke riƙewa. Sabon adadin maganin da aka amince da shi, sauyin jadawalin rigakafi, alamomin wata cuta da ta ɓulla, dokar sirrin majinyaci, duk waɗannan naɗaɗɗen darasi yana isar da su yadda ya kamata, wani lokaci ma fiye da lacca, tunda ana iya tsayarwa a maimaita. Amma danna ƙirji yadda zai kai zurfin da ake so, ɗora abin hura iska a fuskar jariri ba tare da iska ta zurare ta gefe ba, sa bututu a maƙogwaro, ɗinke rauni, waɗannan sai an yi, wani ya gani, ya ce ƙara nan, rage can. An ce gani ya kori ji, to a irin wannan aiki ganin ma bai isa ba. Kuma an daɗe da sanin cewa ƙwarewar farfaɗo da zuciya da numfashi tana fara dusashewa cikin 'yan watanni bayan horo, alhali takardar shaidarta kan kai shekara biyu.

Wannan na nufin ko zaman ido da ido, idan sau ɗaya ne aka yi aka watse, bai wadatar ba. Shirin Helping Babies Breathe, na koyar da ceto jariran da suka fito ba sa numfashi, an ƙaddamar da shi a 2010. A asibitin Haydom da ke Tanzaniya an lura cewa horon kwana ɗaya ya inganta yadda ungozomomi ke yi a kan mutum-mutumi, amma bai canza abin da suke yi a ɗakin haihuwa ba. Da aka ajiye mutum-mutumin a sashen haihuwa, aka mayar da gwaji na 'yan mintuna abin yi a kai a kai, sai mace-macen jarirai a sa'o'i 24 na farko suka sauka daga kusan 11 zuwa kusan 7 a cikin kowace haihuwa dubu. Ma'aikatan su ne dai, darasin shi ne dai, maimaici ne ya bambanta.

Gwajin E-MOTIVE da aka buga a 2023 ya nuna wani gefen. An yi shi a asibitoci 80 a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kan mata fiye da 200,000. An haɗa ledar auna jinin da mai haihuwa ta zubar da jerin matakan da za a ɗauka a lokaci guda, aka kuma horar da ma'aikata a inda suke aiki tare da gwaji da bibiya. Mummunan sakamakon zubar jini bayan haihuwa ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Abin da aka koya a nan ba na mutum ɗaya ba ne: wa zai kira, wa zai murza mahaifa, wa zai sa allura, wa zai duba agogo. Mutum biyar da kowannensu ya kalli bidiyo shi kaɗai ba su zama tawaga ba tukuna.

Duk da haka bai kamata a ce allo ba shi da rabo a aikin hannu ba. A Habasha an gwada manhajar Safe Delivery, mai ɗauke da gajerun bidiyon zane kan matsalolin haihuwa, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna ƙwarewar ma'aikata wajen farfaɗo da jarirai ta ƙaru ƙwarai har bayan wata goma sha biyu. Mace-mace ma sun yi ƙasa a wuraren da aka yi amfani da ita, sai dai bambancin bai kai matakin da masana ƙididdiga za su tabbatar ba. Bidiyo a aljihu, wanda za a iya dubawa minti biyar kafin a shiga ɗaki, wani abu ne daban da laccar sa'a guda.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Babbar hujjar masu naɗaɗɗen darasi ita ce isa ga kowa. Mai aikin dare, uwa mai shayarwa, ma'aikacin da shi kaɗai ne a ƙaramin asibitin karkara, mai lalurar da ke hana shi tafiya, duk waɗannan su ne taron bita ke bari a baya. Darasi guda da ƙwararre ya tsara da kyau yana isa ga dubbai ba tare da ya canza ba, alhali horon da ake saukarwa daga malami zuwa wanda ya horar, zuwa wanda shi ma ya horar, yakan rasa wani abu a kowane hawa. Wanda harshen koyarwa ba nasa ba ne yana iya rage gudu, ya kunna rubutun ƙasan allo, ya koma baya ba tare da jin kunya ba.

Masu suka kuma suna cewa sauƙin nan shi ne rauninsa. Ana iya kunna bidiyo a ajiye waya a ci gaba da wani aiki, a tsallake zuwa tambayoyi, a yi ta gwadawa har a ci. Yanzu ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna amsa irin waɗannan tambayoyi cikin daƙiƙoƙi. Wani bincike na 2014 kan miliyoyin kallon bidiyo a dandalin karatu ta intanet na edX ya nuna hankalin ɗalibai yakan fara janyewa bayan kimanin minti shida, komai tsawon bidiyon. Ga kuma matsalar wuta, data da ƙarfin sabis, wadda ta fi cin waɗanda aka ce an yi tsarin dominsu.

Masu zaman ido da ido suna kafa hujja da tambaya da amsa nan take, da lokacin da aka keɓe babu kiran gaggawa, da kuma hirar da ake yi a lokacin hutu, inda abokin aiki daga wani asibiti zai gaya maka yadda suka shawo kan matsalar da ke damunku. Wannan na ƙarshe yana da wuyar aunawa, amma duk wanda ya taɓa halartar taro mai kyau ya san ba ƙarya ba ne. Ga ma'aikacin da ke aiki shi kaɗai, haɗuwa da takwarori tana rage kaɗaicin da ke sa wasu barin aiki.

Nasu raunin ma a fili yake. Sa hannu a takardar halarta ba shaida ba ce ta cewa an saurara. Kuɗin tafiya da masauki da zaure suna da yawa. Inda ake biyan alawus na halarta, an sha kokawa cewa wanda ke zuwa ba lallai ne wanda ke yin aikin ba, kuma mutum ɗaya kan halarci bita iri ɗaya sau da dama. Kamfanonin magunguna kuwa sun daɗe suna ɗaukar nauyin tarurruka, abin da ya sa hukumar tantance darussan likitoci ta Amurka ta kafa ƙa'idojin raba ilimi da talla tun 1992, ta kuma sabunta su a 2020. Wannan matsalar ba ta taro kaɗai ba ce, domin darasin intanet na kyauta ma akwai mai biyan kuɗinsa.

## Darasin da ya tsufa

Akwai haɗari guda da ya keɓanta da naɗaɗɗen darasi. A farkon 2020 shawarar da aka fi bi ita ce kada a riƙa ba masu korona magungunan sitiroyid sai da wani dalili na daban. A ranar 16 ga Yuni na shekarar gwajin RECOVERY na Birtaniya ya sanar cewa dexamethasone, wanda shi ma sitiroyid ne, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Duk bidiyon da aka naɗa a Afrilu bisa tsohuwar shawarar ya zama yana koyar da akasin abin da ya dace, kuma bidiyo bai san ya tsufa ba. Malamin da ke tsaye a gaban aji zai iya gyara maganarsa washegari, ko wani daga cikin masu saurare ya ɗaga hannu ya tuna masa. Shi ya sa hukumar tantance darussan likitoci ta Amurka ke buƙatar a sake duba duk naɗaɗɗen darasi aƙalla sau ɗaya a shekara uku, ko kafin haka idan ilimi ya canza. Darasin da babu ranar naɗa shi da ranar da aka sake duba shi a jikinsa, akwai alamar tambaya a kansa. A ɗaya gefen kuma, idan masu darasin suna da himma, gyara ɗaya a intanet yana isa ga kowa a rana guda, abin da zagayen bita zai ɗauki watanni kafin ya yi.

## Hanyoyin da ke tsakiya

A 2003 wani likitan hanta mai suna Sanjeev Arora ya fara shirin ECHO a jami'ar New Mexico. Maimakon majinyatan ciwon hanta nau'in C su yi doguwar tafiya su jira watanni, sai likitocin karkara da na gidajen yari su riƙa haɗuwa da ƙwararru ta bidiyo duk mako, kowa ya gabatar da matsalar majinyacinsa, a tattauna. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna warkewa a hannun waɗannan likitoci ta kai kusan kashi 58 cikin ɗari, daidai da ta asibitin jami'ar. Babu wanda ya bar garinsa, amma kuma ba naɗaɗɗen darasi ba ne: akwai majinyaci na gaske, akwai mai gyara, akwai maimaici.

Hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Birtaniya ta gina dokarta a kan irin wannan fahimta. Tana buƙatar sa'o'i 35 a shekara uku, 20 daga ciki su zama karatun da ake yi tare da wasu. Ba ta ce sai a ɗaki ɗaya ba, mu'amala ta intanet ma tana shiga. Abin da take ƙirgawa shi ne ko akwai wani da ka yi musayar magana da shi. Ƙungiyar zuciya ta Amurka kuma tana da kwasa-kwasan da ake yin ɓangaren bayani a intanet, amma ba a samun shaida sai an zo an gwada a kan mutum-mutumi.

## Abin da ya shafi ma'aikaci da majinyaci

Ga ma'aikaci, sauyin da ba a cika faɗa ba shi ne na lokaci. Bita tana cin lokacin aiki, galibi da sanin shugabanni. Naɗaɗɗen darasi kuwa, tunda ana iya yinsa "kowane lokaci", yakan faɗa kan dare da ranakun hutu, da wayar mutum da datarsa. Asibiti ya rage kashe kuɗi, amma nauyin bai ɓace ba, wuri ya canza. Inda ba a ware sa'o'in karatu a cikin jadawalin aiki ba, ba abin mamaki ba ne a ga mutane suna tara darussan shekara guda su gama su a mako na ƙarshe, wanda shi ne salon da ya fi saurin gushewa daga ƙwaƙwalwa.

Ga majinyaci, lissafin yana da fuska biyu. Ranar da ma'aikata suka tafi bita, layi yakan yi tsawo, ƙaramin asibiti ma yana iya rufewa. Idan kuwa aka mayar da komai kan allo, har da abin da hannu da tawaga ke buƙata, illar ba za ta bayyana a layin jira ba sai a daren da aka kawo mai zubar jini ko jaririn da bai yi kuka ba. Ta farko kowa yana ganinta, ta biyu ba a cika danganta ta da horo ba, don haka matsin lamba kan shugabanni yakan karkata wajen rage bita.

Ga hukumomi kuma, matsalar ita ce sa'a abu ne mai sauƙin ƙirgawa, ƙwarewa kuwa ba haka ba. Wasu sun fara matsawa daga tambayar "a ina ka yi karatun" zuwa "me ya canza a aikinka". Nazarin Cochrane na 2012, mai ɗauke da gwaje-gwaje 140, ya nuna cewa auna aikin ma'aikaci a nuna masa sakamakonsa yana kawo ci gaba na kusan kashi 4 cikin ɗari a matsakaici, kuma ya fi tasiri idan ana maimaitawa, ta bakin shugaba ko abokin aiki, tare da takamaiman abin da ake son cimmawa. Ostireliya ta bi wannan layi a dokar da ta fara aiki a Janairu 2023. Likita zai yi sa'o'i 50 a shekara, amma 12 da rabi ne kawai aka wajabta su zama darussa ko tarurruka, ko na allo ne ko na zaure. Aƙalla 25 dole su tafi wajen duba aikinsa da auna sakamakon majinyatansa, ragowar kuma ya raba su yadda ya ga ya dace.